Pellegrino Matteucci, Baƙon Kukawa

An haifi Pellegrino Matteucci a shekarar 1850 a Ravenna, wani tsohon birni na arewa maso gabashin Italiya, inda aka binne shahararren marubucin waƙoƙin nan Dante. Ilimin likitanci ya yi, amma yawon ganin ƙasashe ya fi jan hankalinsa.

A 1880 ya taso daga Masar tare da abokinsa Alfonso Massari, hafsan sojan ruwa. Suka ratsa Darfur da Wadai, ƙasar da wasu Turawa suka shiga ba su fito da rai ba, har suka iso Kukawa, babban birnin Barno tun ba a kafa Yerwa ba. A nan suka tarar da wani ɗan ƙasarsu, Giuseppe Valpreda, wanda ya musulunta, ya kuma shekara goma a garin. Daga nan suka bi ta Kano da ƙasar Nufe, suka gangara Kogin Kwara har bakin teku.

Sai dai Matteucci bai sake ganin gida ba. Zazzaɓi ya kashe shi a Landan a watan Agusta na 1881, yana da shekara 30.