Charles Voysey, Magini Mai Zanen Darduma

A zangon karatun da ya wuce malaminmu na aikin hannu ya ba kowannenmu aikin haɗa ɗan benci na yara 'yan aji ɗaya. Da na gama nawa sai na ga akwai inda haɗin bai zauna ba, na samo fenti na lafta masa har sau biyu don in rufe aibin. Malam ya zo ya duba, bai ce mini kome ba, sai ya aike ni laburare na ɗauko wani littafi, ya buɗe mini hoton wata kujera. Kujerar nan ba fenti, ba ado, sai wata 'yar huda mai siffar zuciya a majinginarta. Wanda ya zana ta sunansa Charles Voysey, Bature ne mutumin Ingila. Tun daga ran nan na shiga bin labarinsa, shi ne kuwa na ke so in ba 'yan'uwana ɗalibai.

An haifi Voysey ran 28 ga watan Mayu, 1857, a wani gari Hessle cikin lardin Yorkshire. Ubansa limami ne na Ikilisiyar Ingila, amma yana wa'azin waɗansu abubuwa da shugabanninsa ba su yarda da su ba, musamman da ya ƙi koyar da cewa azabar lahira ba ta da iyaka. Aka kai shi shari'a, a 1871 aka raba shi da aikinsa. Ya kwashe iyalinsa zuwa Landan, ya kafa tasa majami'a. Sa'an nan yaron bai cika shekara 14 ba. Ya ga ubansa ya gwammace ya rasa albashi da gida da ya faɗi abin da bai gaskata ba, wannan hali kuwa shi ɗan ya gada, ya kai shi cikin sana'arsa.

Bai daɗe a makaranta ba. A 1874 aka sa shi koyon zanen gine-gine a hannun wani gwani, J. P. Seddon, ya yi shekara 5. Daga nan ya yi aiki da George Devey, wanda ya shahara wajen gina gidajen ƙauye na masu arziki. Wajen 1882 ya buɗe nasa ofis, amma wa zai ba saurayin da ba a san shi ba ginin gida? Don ya sami abinci sai ya shiga zana adon takardun da Turawa ke manna wa bangon ɗaki, da adon yadi. Zanensa tsuntsaye ne da ganyaye da itatuwa da furanni, a shimfiɗe sarai yadda yaro ma zai gane su. Kamfanin Jeffrey ya sayi zanensa a 1883, daga 1893 kuma ya riƙa yi wa kamfanin Essex zane a kai a kai. A 1885 ya auri Mary Maria Evans.

Sannu a hankali aikin gini ya fara zuwa. Gidajensa ba su da wuyar ganewa: dogaye ne, ba tsawo can sama ba, bangon fari da yaɓe mai kaushi, tagogi a jere, rufin kuma ya sauko ƙasa sosai kamar malafa. A 1898 ya zana Broad Leys da Moor Crag a bakin tafkin Windermere. A 1899 ya zana wa kansa gida a Chorleywood, ya sa masa suna The Orchard. Har a Afirka ya bar aiki, domin a 1905 ya zana wa wani likita gida a Aswan ta ƙasar Masar.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu zanen gini shi ne ba ya tsayawa a bango da rufi. In ya sami mai gida mai yarda, shi zai zana kujera da tebur da gado, da agogo, da murhu, da makarin ƙofa, har mabuɗi. Kayan ɗakinsa yawanci na itacen ok ne, watau wani icce mai ƙarfi na ƙasarsu. Ya fi so a bar itacen tsirara, ba fenti, ba rini, ba man sheƙi. To, in ba abin da zai rufe katako, kafinta ba shi da wurin ɓoye ha'inci, dole kowane haɗi ya zauna daidai. Wani kafinta F. C. Nielsen shi ya yi masa da yawa daga cikinsu a Landan. Kujerunsa masu dogayen ƙafafu ne sirara, mazauninsu saƙar ciyawa ko fata, adonsu sau da yawa bai wuce zuciyar nan da na gani ba. Har tufafinsa shi ya ke zanawa, ya hana tela yi wa kwat ɗinsa naɗin wuya, wai ƙura ke taruwa a ciki.

Yanzu bari in zo kan dardumai. Voysey ya yi wa masaƙu da dama zane, kamar Tomkinson da Adam na garin Kidderminster, amma waɗanda a ke fi nema su ne na Donegal. Donegal wani yanki ne a arewa maso yammacin Ayalan, ƙasar duwatsu da talauci a zamanin nan. A 1898 wani attajirin masaƙa mutumin Sikotilan, Alexander Morton, ya kafa masaƙar darduma a garin Killybegs, da taimakon hukumar da gwamnati ta kafa don raya irin waɗannan wurare. Ba inji ke saƙar ba. 'Yan mata ke zama a jere gaban babbar masaƙa a tsaye, kowace tana duba zanen da aka ba ta a takarda, tana ƙulla zaren ulu ɗaya ɗaya da hannu, kamar yadda a ke yi a Turkiyya da Farisa. Zanen Voysey ya dace da wannan aiki ƙwarai, domin furanninsa manya ne, launukansa kuma ba su cakuɗe ba. Kantin Liberty na Landan ya riƙa sayar da su, a 1903 har ya yi bikin nuna su. Wadda ta fi suna cikin masu zanensa ita ce Donnemara.

Amma duniya ba ta tsaya masa ba. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya masu kuɗi suka koma son gidaje masu ginshiƙai irin na Rumawa. Voysey yana ganin wannan kwaikwayon baƙi ne, ya ƙi bi. Mutum ne mai taurin kai, in mai gida ya nemi abin da bai gamshe shi ba, gara ya bar aikin. Bayan 1914 gidajen da ya gina ba su taka kara sun karya ba. A 1915 ya buga littafinsa Individuality. Daga 1917 ya koma zama shi kaɗai a wani ɗan gida a titin St James's, ya sake dogara ga zanen yadi da takardun bango, abin hannunsa kuwa ya yi ƙaranci ainun.

Girma ya zo masa da tsufa. A 1924 aka naɗa shi shugaban ƙungiyar masu sana'ar hannu da a ke kira Art Workers' Guild. A 1936 yana cikin na farko da aka ba lambar gwanayen zane na masana'antu, a 1940 kuma ƙungiyar masu zanen gini ta Ingila ta ba shi lambarta ta zinariya. Samarin lokacin suka ce shi ne ya share hanyar ginin zamani maras ado, shi kuwa ya ƙi karɓar wannan yabo, domin bai ga alherin gine-ginen nasu ba. Ya rasu a Winchester ran 12 ga watan Fabrairu, 1941, yana da shekara 83.

Ga abin mamaki. Kujerun da ya zana don a zauna a ci abinci, da dardumomin da aka saƙa don a taka, yau su ne masu tara kayan da ke ribibi a wurin gwanjo, a kan biya dubban fam a kan guda ɗaya. Da ya ke dardumomin ba su ɗauke da sunan mai zane, kuma akwai waɗansu masu zane a kamfanin, kamar Gavin Morton, masana sai sun gwada darduma da zanen Voysey na takarda kafin su ce tasa ce. Da yawa daga takardun nan suna ajiye a gidan kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a kan faɗi sunan mai zane da na mai kamfani, amma 'yan matan Killybegs da suka ƙulla zaren ba a kiran sunansu a wurin gwanjo.

A nan kwaleji da yawanmu mun ɗauki darasin aikin hannu lokacin hutawa ne, muna cewa mu malamai za mu zama, ba kafintoci ba. Ni ma da haka na ke. Gobe kuwa mu ne za mu tsaya gaban yaran da iyayensu masaƙa ne da maƙera da magina, yadda muka ɗauki aikin hannu haka za su ɗauki sana'ar gidansu. Bencin nan nawa na kankare fentin duka, na warware haɗin, na sake fiƙe shi har ya zauna. Ya ci mini yamma uku. Yana nan a ɗakin aikin hannu ba fenti, duk mai so ya je ya girgiza shi ya gani.