Eadweard Muybridge: Mutumin da Ya Kama Doki Yana Sukuwa

Duk wanda ya taɓa ɗaga waya ranar hawan sallah a Makarfi, Ikara ko Kudan ya san abin haushin nan: doki ya taho a sukwane, kafin kyamara ta gama saita kanta ya wuce, sai ƙura da hoto dishi-dishi. Shi ya sa na ga ya dace mu san mutumin da ya shawo kan wannan matsala tun kafin a haifi kakanninmu.

An haifi Muybridge a garin Kingston na Ingila a 1830. Ya tafi Amurka yana saurayi, ya kama sayar da littattafai a San Faransisko. A 1860 ya yi mummunan hatsari a keken doki, ya bugu a ka. Ya koma gida jinya, daga baya ya dawo Amurka a matsayin mai ɗaukar hoto.

A 1872 Leland Stanford, tsohon gwamnan Kalifoniya kuma mai kiwon dawaki, ya ɗauke shi aiki don a raba wata gardama: shin akwai lokacin da duk kofatai huɗu ke barin ƙasa idan doki na gudu? Ido ba ya iya gani. Aikin ya tsaya a 1874, lokacin da Muybridge ya harbe mutumin da ke neman matarsa. Kotu ta sallame shi, amma ni dai ban ga abin yabo a nan ba.

A watan Yunin 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar sukuwa, ya gitta zare a gaban kowacce. Doki na taɓa zaren, sai kyamarar ta ɗauka. Hotunan suka nuna lallai kofatan na tashi gaba ɗaya, amma lokacin da ƙafafun suka dunƙule a ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda masu zane suka saba miƙe su. Daga baya a Jami'ar Pensilbeniya ya ɗauki hotuna sama da 100,000, ya fitar da littafin Animal Locomotion a 1887. Ya rasu a garinsu a 1904.

Abin da ya fi burge ni, kyamara mai saita kanta ba ta shigo kasuwa ba sai 1977, da Konica C35 AF. Muybridge bai bi doki da kyamara ba. Ya san inda dokin zai bi, ya saita wurin tukuna, ya jira.

Dabarar na aiki har gobe. 'Yan'uwa masu neman na kashewa da ɗaukar hoton biki ko ƙwallo, kafin ku ci bashin sabuwar waya, ku gwada: ku tsaya inda akwai haske, ku danne allon a kan wurin da dokin zai ratsa har saitin ya kulle, sannan ku ɗauka a jere.