Pamela Colman Smith

Pamela Colman Smith (16 ga Fabrairu, 1878 – Satumba, 1951) mai zane ce kuma marubuciya haifaffiyar Ingila. An fi saninta da zana katunan tarot guda 78 da aka buga a Landan a shekarar 1909, waɗanda har yau suke cikin katunan tarot mafi yaɗuwa a duniya.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a unguwar Pimlico da ke Landan. Iyayenta, Charles Edward Smith da Corinne Colman, Amurkawa ne. Ta yi ƙuruciyarta a Manchester, sannan iyalin suka koma Jamaika a 1889 saboda aikin mahaifinta. A can ta saurari tatsuniyoyin gizo-gizo mai wayo da ake kira Anansi, waɗanda asalinsu daga mutanen Akan na Ghana ne. Ta tattara wasu daga cikinsu a littafinta Annancy Stories na 1899. A 1893 ta shiga makarantar Pratt Institute da ke Brooklyn, inda ta koyi zane a wurin Arthur Wesley Dow, amma ta bar makarantar a 1897 ba tare da shaidar kammalawa ba. Mahaifiyarta ta rasu a 1896, mahaifinta kuma a 1899.

Aiki

Bayan zama marainiya, ta shiga ayarin 'yan wasan kwaikwayo na Henry Irving da Ellen Terry, tana tsara musu tufafi da adon dandali. A 1901 ta shiga ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, inda ta haɗu da marubuci Arthur Edward Waite. A 1903 ta kafa mujallarta mai suna The Green Sheaf. A 1907 Alfred Stieglitz ya baje kolin zanenta a birnin New York. Da yawa daga cikin hotunanta ta zana su ne daga abin da take gani a zuci yayin da take sauraron kiɗa.

Katunan tarot

Tarot ya faro ne a matsayin wasan karta a arewacin Italiya a ƙarni na 15, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka soma amfani da shi wajen duba a Faransa. A 1909 Waite ya ba ta aikin zana sababbin katuna, ta kuwa kammala cikin 'yan watanni. Kafin nan, yawancin ƙananan katunan 56 ba su ɗauke da komai sai jerin kofuna ko takubba ko sanduna ko tsabar kuɗi. Ita kuwa ta ba kowane kati hoto mai labari.

Fata da mafarki sun fito fili a zanenta. Katin Tauraro, mai lamba 17, yana nuna mace durƙushe a bakin tafki, tana tsiyayar da ruwa daga tulu biyu, ɗaya cikin tafkin, ɗaya a ƙasa. A samanta akwai babban tauraro mai tsini takwas da ƙanana bakwai. Masu fassara katunan suna ɗaukarsa alamar fata da farfaɗowa, musamman da yake yana biye da katin Hasumiya mai nuna rushewa. Katin Wata, mai lamba 18, yana nuna kare da kyarkeci suna haushi tsakanin hasumiyoyi biyu, ana kuma danganta shi da mafarki da ruɗu. A katin kofuna bakwai, mutum ne yake kallon abubuwan marmari cikin gajimare, a na takubba tara kuma wani ne zaune kan gado ya rufe fuska, kamar wanda mugun mafarki ya tayar.

Ƙarshen rayuwa

An biya ta ladan aikin sau ɗaya, ba ta da kaso a cinikin katunan. Aka riƙa kiran su da sunan Waite da na kamfanin William Rider da ya buga su, duk da cewa haruffan farko na sunanta suna jikin katunan. A 1911 ta shiga ɗarikar Katolika, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ta koma yankin Cornwall. Ta rasu a garin Bude da bashi a kanta, aka yi gwanjon kayanta domin a biya. A yau masana da dama suna kiran katunan Waite-Smith, domin a mayar mata da sunanta a kan aikinta.