Tarihin Sardauna Ahmadu Bello da Kyautar Ƙasashen Waje

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, ya ku malamai da fatake na ƙasar Kankiya da Kusada, ga labarin Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, da yadda ya yi da sarakunan duniya masu miƙo hannu.

An haife shi a Rabah. Ubansa Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Atiku na Rabah ne, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, Allah Ya yarda da su. Ya fara da allo, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina, ya fita a 1931. Ya yi malanta, ya yi sarautar Rabah a 1934, ya nemi gadon Sarkin Musulmi a 1938 bai samu ba, aka naɗa shi Sardauna. A 1954 ya zama Firimiyan Jihar Arewa.

Da mulkin kai ya zo a 1960, ƙasar nan ta zama kamar kasuwa ranar cinta, kowace daula ta aiko dillalinta. Isra'ila ta kawo rance da gwanayen gini da na ruwa. Gwamnatin Ikko ta karɓa, Jihar Yamma da ta Gabas suka karɓa, Sardauna ya ce Arewa ba ta so, alhali kuwa Firayim Ministan da ya yarda, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan jam'iyyarsa ne ta NPC. Ya san mai ba ka rance yau, gobe zai nemi bakinka a majalisar duniya a kan maganar Falasɗinu.

Amma kada wani ya zaci ya rufe ƙofa duka. Jami'ar Zariya da aka buɗe a 1962 da sunansa, Bature ne shugabanta na farko, Norman Alexander. Gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi, ta turo malamai daga Kansas suka koyar da noma da likitancin dabbobi, waɗansu daga Pittsburgh suka koyar da sha'anin mulki a Kongo. Waɗanda suka riƙe ofisoshin Arewa daga baya, da yawansu a hannun waɗannan suka yi karatu.

Inda zuciyarsa ta fi karkata kuwa gabas ne. Tun hajjinsa na 1955 bai yanke zuwa Makka ba. A 1962 Sa'udiyya ta kafa Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanin da take ja-in-ja da Jamal Abdul Nasir na Masar a kan wa zai ja ragamar Musulmi, aka ba Sardauna mataimakin shugaba. A shekarar nan aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna da shawarar Alƙalin Alƙalai Abubakar Gumi, gudummawa ta zo daga Sa'udiyya da Kuwaiti. An gina masallatai da makarantu, mutane masu yawa sun musulunta, wannan ba mai musunsa. Sai dai tare da dukiya littattafai suka zo, ɗalibai suka tafi Madina suka komo da fahimtar da ta saɓa wa ta shehunanmu na Ƙadiriyya da Tijjaniyya. Shi kansa haɗa kan Musulmi ya nufa a ƙarƙashin tutar kakansa. Bayan ransa ne jayayya ta fito fili, aka kafa Izala a Jos a 1978, har aka kai ga raba masallatan Juma'a a garuruwa da dama. A ganina ya auna hannun da ya ƙi da mudu mai kyau, wanda ya karɓa ne bai tsaya aunawa ba, don ɗan'uwa ne ya miƙo.

Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ran 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, tare da uwargidansa Hafsatu. Allah Ya jiƙansu, Ya gafarta musu, amin.