Fela Sowande, Ɗan Faston Da Ya Kai Waƙar Gida Cikin Faifai

Karatu: Zabura 137:1-6



Akwai wani kiɗa da masu buga ogan a majami'un Ingila da Amurka sukan buga a ranakun biki. Sunansa Obangiji. Ba lalle Baturen da ke buga shi ya san inda sunan ya fito ba, amma ni da kai mun sani, gama kalmarmu ce. Yarabawa suka are ta daga bakin Hausawa, suka ɗan juya ta, suna kiran Allah da ita cikin waƙoƙinsu na sujada. Wanda ya tsara wannan kiɗa ɗan Nijeriya ne, sunansa Fela Sowande. Kada ka haɗa shi da Fela Anikulapo-Kuti mai kiɗan Afrobeat, ko da yake dukansu biyu tushensu na Abeokuta ne. Wannan Felan ya girme wancan da shekara 33, hanyarsu kuma daban.

An haife shi ran 29 ga Mayu, 1905, a ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, fasto ne na ikilisiyar Angilikan, malami kuma a kwalejin St. Andrew da ke Oyo, inda ake horar da malaman makaranta da masu aikin bishara. Mutum ne mai son waƙa, yana cikin na farko da suka fara neman yadda waƙar Yarabanci za ta sami wurin zama cikin sujada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da aka kai yaron Legas ya yi makarantar CMS Grammar School, daga nan King's College, sai ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta majami'ar Christ Church. A nan ya faɗa hannun Thomas Ekundayo Phillips, wanda ya koyo kiɗa a Landan, ya kuma riƙe ogan na wannan majami'a daga 1914 har 1962. Phillips ya koya masa kiɗan Bach da sauran manyan Turai, ya kuma nuna masa cewa ana iya zama a gaban ogan a buga waƙar da tsohuwa ke rerawa a tsakar gida, ba tare da an ƙasƙantar da ogan ko waƙar ba.

Wannan magana ta waƙar gida ba ƙaramar magana ba ce a wancan zamani, bari in tsaya a kanta kaɗan. Masu bishara na farko sun zo da littattafan waƙoƙinsu, suka juya kalmomin zuwa Yarabanci, suka bar muryar waƙar yadda take a Ingila. Amma Yarabanci harshe ne da ma'anar kalma ke bin hawa da saukar murya. Hausa ma haka take. Ka faɗi wuya ta jiki, ka faɗi wuya ta wahala, ka ji inda muryarka ta hau da inda ta sauka. Ka faɗi kuka na hawaye da kuka ta miya. Sango da muke ji kullum a nan Bangui ma haka yake. To, in muryar waƙa ta hau a inda kalma ke so a sauka, sai jama'a su tsaya gaban Allah suna rera abin da ba shi suke nufi ba. Fastoci da masu ogan na ƙasar Yarabawa sun ga wannan, suka fara tsara waƙoƙi da muryar da ta bi harshensu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Rabaran J. J. Ransome-Kuti, kakan wancan Felan, wanda ya je Landan a shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙinsa na yabo a faifan garmaho. Cikin wannan gwagwarmaya Sowande ya tashi.

Saurayi ne fa, kunnensa bai tsaya ga majami'a kaɗai ba. A farkon shekarun 1930 ya fara jin kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, irin su Duke Ellington, ta gajeren zangon rediyo da faifai, har ya shiga buga fiyano a ƙungiyoyin kiɗan rawa na Legas. A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya. Bai daɗe ba kiɗa ya rinjaye shi, da shi kuma ya riƙa cin abinci. A 1936 ya buga fiyano cikin wani babban wasa na baƙaƙen Amurka mai suna Blackbirds, inda ya buga Rhapsody in Blue na George Gershwin. Ya buga tare da Fats Waller, ya yi shekaru yana raka mawaƙiya Adelaide Hall da ogan na lantarki, a gidajen rawa da cikin faifai. Na san akwai dattawan ikilisiya da in sun ji ɗan fasto na kwana a gidan rawa za su girgiza kai, ni ma da na girgiza. Amma a wancan wasa na 1936 ne ya sadu da J. Rosamond Johnson, mai horar da mawaƙan, wanda ya buɗe masa ƙofar waƙoƙin ruhaniya da bayi baƙaƙe suka rera a gonakin Amurka, waƙoƙin Musa da Fir'auna, da na Joshuwa a Yariko. Ya ga yadda 'yan'uwansa na ƙetaren teku suka ɗauki waƙar bauta suka mai da ita kiɗan da ake rubutawa a takarda. Abin ya zauna masa a rai.

Dare yana wurin neman abinci, rana yana wurin karatu. Ya koyi ogan a hannun George Oldroyd da George Cunningham. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya ci jarrabawa mafi girma ta kwalejin masu ogan ta Ingila, ya kuma kwashe kyaututtukan da ake ba wanda ya fi kowa. Ya sami digirin kiɗa na Jami'ar Landan. A shekarun yaƙin ya yi aikin kiɗa wa sashen gwamnati mai shirya majigi domin ƙasashen da Ingila ke mulka, ya kuma riƙa magana a BBC, a shirye-shiryen Afirka ta Yamma, yana bayyana yadda za a iya gina babban kiɗa a kan waƙoƙin gida, yana buga misalai da hannunsa.

Daga 1945 zuwa 1952 shi ne mai ogan da shugaban mawaƙa a Kingsway Hall, babban zauren sujada na ikilisiyar Methodist a tsakiyar Landan, inda Donald Soper ke wa'azi. Ka duba wannan ikon Allah: ɗan Afirka ta Yamma, daga ƙasar da aka aika wa masu bishara, shi ke jan Turawa waƙa kowace Lahadi. Wannan zaure kuwa yana da wani labari nasa. An gina shi a 1912 domin wa'azi, sai aka tarar sauti na zama a cikinsa fiye da kusan kowane zaure a birnin. Saboda haka kamfanonin faifai, Decca da EMI, suka riƙa hayarsa a ranakun mako. Lahadi a yi sujada, Litinin a shigo da wayoyi da makirufo, a jera kujerun makaɗa saba'in ko tamanin, kowa da takardar kiɗa a gabansa. A nan aka ɗauki opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukan maganarsa, irin su Tristan und Isolde na Wagner a 1952, da Turandot na Puccini a 1972 da muryoyin Joan Sutherland da Luciano Pavarotti. A nan Benjamin Britten ya ɗauki War Requiem a 1963. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa yana wucewa kusa da ginin, masu kunne kuma sukan ji rugugin wucewarsa can ƙasa-ƙasa cikin waɗannan faifai har yau.

A gaban ogan na wannan zaure Sowande ya yi shekarunsa mafi albarka. Yawancin kiɗansa na ogan a kan waƙoƙin sujada na Yarabawa ya gina su, ko a kan waƙoƙin ruhaniya na baƙaƙen Amurka: Obangiji, da Kyrie, da Jesu Olugbala, wato Yesu Mai Ceto, da Go Down Moses. Yakan ɗauki gajeriyar waƙa wadda kowane yaro a Abeokuta ya sani, ya fara buga ta a fili yadda za a gane ta, sa'an nan ya mai da ita ƙasa wurin ƙafafu, ya ɗora wasu muryoyi a kanta, ya juya ta, ya komo da ita da ƙarfi. Baturen da ke zaune yana jin gwanintar da ya saba ji wurin Bach. Ɗalibi Bayarabe da ke bencin baya, cikin sanyin Landan, yana jin muryar uwarsa.

Amma aikin da ya fi kai sunansa nesa ba na ogan ba ne. A 1944 ya rubuta African Suite domin taron masu gogen Turawa, ƙanana da manya, har da babban da ya kai tsayin mutum. Kashi biyar ne. Na farko na ranar murna ne, shi da na huɗu, Onipe, an gina su a kan waƙoƙin Ephraim Amu na Gana, wanda shi ma ya sha wuya a hannun ikilisiyarsa saboda ya hau bagadin wa'azi da tufafin gargajiya. Na uku waƙar rarrashin jariri ce. Na ƙarshe, Akinla, kiɗan rawa ne irin na hailaif. Na biyu kuwa, wanda ya fi taɓa ni, na kewar gida ne, muryar kuma tasa ce ta kansa. Shekara goma ke nan rabonsa da gida sa'ad da ya rubuta shi, ga yaƙi, ga bama-bamai a kan birnin. Mu da ke Kokoro, a nan Kilomita Biyar, ba sai an fassara mana wannan kashi ba. Unguwa ce da fatake da baƙi suka raya, da yawa kakanninsu daga ƙasar Hausa suka taso, da yawa kuma tashin hankalin 2013 da 2014 ya watsa su Kamaru da Chadi. Zaburar da muka karanta ta mutanen da aka kai Babila ce, waɗanda suka rataye molayensu domin sun kasa waƙa a baƙuwar ƙasa. Sowande bai rataye nasa ba.

Rubutun kiɗa a takarda bebe ne, sai an tara makaɗa an biya su kafin ya yi magana, ɗan Afirka a Landan na wancan lokaci kuwa ba shi da wannan hali. Abin da ya taimake shi faifai ne. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu ko biyar a fuska ɗaya. A 1948 aka fito da sabon faifai mai dogon zango a Amurka, a 1950 Decca ya fara yin irinsa a Ingila, ba da daɗewa ba kuma ya ɗauki African Suite dukansa, Trevor Harvey na jagorantar makaɗan. Da haka kiɗan ya tafi inda mai shi bai taɓa takawa ba. A Kanada, gidan rediyon CBC ya yi shekaru da yawa yana amfani da Akinla a matsayin taken shirin Gilmour's Albums, har mutanen can suka haddace muryar, mafi yawansu ba su san ɗan fasto ne daga Nijeriya ya tsara ta ba.

A 1953 ya komo gida ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya. Ya sa aka riƙa ɗaukar kiɗan gargajiya a tef domin kada ya mutu tare da tsofaffin da ke riƙe da shi. Domin samun 'yancin kai a 1960 ya rubuta babban kiɗansa, Folk Symphony, amma Nijeriya ba ta da cikakken taron makaɗa da zai iya buga shi a lokacin. Makaɗan Bournemouth na Ingila ne suka buga shi, ƙarƙashin Charles Groves. Kiɗan murnar rabuwa da Turawa, sai da aka koma wurin Turawa kafin a ji shi. Daga baya ya yi bincike a Jami'ar Ibadan, a 1968 kuma ya ƙaura Amurka, ya koyar a jami'o'in Howard, da Pittsburgh, da Kent State.

Ba zan ɓoye maka ba, ɗan'uwana, a rabin rayuwarsa na biyu hankalinsa ya karkata ƙwarai ga addinin gargajiya na Yarabawa. Ya tattara baitocin Ifa, ya yi rubutu a kansu, ya kuma soki yadda masu bishara suka yi wa al'adun Afirka kuɗin goro. A wannan suka akwai gaskiya, mu da muka gāji ikilisiyun da aka taɓa hana ganga shiga mun san haka. Amma zurfin da ya yi cikin duba na Ifa ba hanyar da zan bi ba ce, ba kuwa zan nuna wa ɗan ikilisiyata ita ba. Hukuncin zuciya na Allah ne. Abin da ya rubuta domin sujada yana nan, ba a janye ko ɗaya ba, ana kuma yi wa Allah yabo da shi.

Ya rasu ran 13 ga Maris, 1987, a garin Ravenna na jihar Ohio, yana da shekara 81, a wannan jiha kuma aka binne shi. Da yawa daga cikin ayyukansa ba a taɓa buga su a littafi ba, waɗanda aka buga ma da wuya a same su. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan irin waɗannan mutane da aka manta shi ne Paul Freeman, baƙar fata Ba'amurke mai jagorantar makaɗa. Tsakanin 1974 da 1978 ya ɗauki jerin faifai tara wa kamfanin Columbia, duka na baƙaƙen fata masu tsara kiɗa: Chevalier de Saint-Georges, ɗan baiwa daga tsibirin Gwadaluf wanda ya yi zamani da Mozart, José Maurício Nunes Garcia, limamin Katolika na Birazil, Samuel Coleridge-Taylor, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne, da William Grant Still. Ya sa wani ɓangare na African Suite a ciki, ya kuma sāke ɗaukarsa da makaɗan Chicago Sinfonietta a faifan da ya fito a 2000. Makaɗan CBC na Vancouver su ma sun ɗauke shi dukansa a shekarun 1990. Yau mai wayar hannu da ɗan kuɗin intanet yana iya rubuta sunan Sowande ya ji su a zaune a ƙofar gidansa.

Kingsway Hall kuwa, an daina ɗaukar faifai a cikinsa a 1984. A 1998 aka rushe shi, aka gina otal a wurin.