Claude Bernard, Mutumin da Ya Binciki Zafin Jiki

Da sanyin hunturu muna karkarwa a layin wanka, da bazara kuwa gumi ya jiƙe mana riguna a cikin aji. Amma in aka gwada mai lafiya da ma'aunin zafi a lokutan nan biyu, za a tarar zafin jikinsa bai yi nisa da digiri 37 ba. Mutumin da ya buɗe ƙofar gane wannan al'amari shi ne Claude Bernard.

An haife shi a shekarar 1813 a ƙauyen Saint-Julien na ƙasar Faransa. Mahaifinsa manomin inabi ne wanda bashi ya yi wa katutu, saboda haka yaron ya kama aiki a wani kantin magani a birnin Liyon. Shi kuwa babban burinsa ya zama marubucin wasan kwaikwayo. A 1834 ya ɗauki wasan da ya rubuta ya tafi Faris, ya nuna wa wani masanin adabi. Masanin ya karanta, ya ba shi shawara ya koyi likitanci don ya sami abin ci. Maganar ta yi ɗaci, amma ya bi ta, har ya zama likita a 1843.

Maigidansa Magendie ya koya masa kada ya gaskata abu sai ya gwada. Ta haka ya gano cewa hanta tana ajiye sukari, tana sakinsa cikin jini in jiki ya bukata. Sa'an nan ya yanke wata jijiya a wuyan zomo, sai ya ga kunnen wannan ɓangaren ya yi ja, ya fi ɗayan zafi. Ashe jijiyoyi ne ke tsuke hanyoyin jini ko su buɗe su. In an yi zafi su buɗe, jini ya taso kusa da fata ya huce. In an yi sanyi su tsuke, ɗumi ya zauna a ciki.

Daga nan ya koyar cewa gaɓoɓinmu suna zaune ne cikin jini da ruwan jiki, kuma dole wannan mazauni ya tsaya daidai kafin mai rai ya iya yawo ko'ina, ko da sanyi ko da zafi.

Aikin nan bai bar shi lafiya ba. Matarsa ta ƙi jinin gwajin da yake yi a kan dabbobi masu rai, har suka rabu, 'ya'yansa mata biyu suka bi uwarsu. Ya mutu a 1878, gwamnatin Faransa ta ɗauki nauyin jana'izarsa, girmamawar da ba a taɓa yi wa masanin kimiyya ba a ƙasar.

'Yan'uwa ɗalibai, da ya yi fushi da gyaran da aka yi masa, da wataƙila ba mu san sunansa ba yau.