Shaihu Ibnu Abi Zaid, Mai Risala, Da Karen Da Ya Ajiye A Gidansa

Da wuya a sami zauren karatun fiƙihu a ƙasar Gwandu, tun daga Jega har Aliero da Maiyama, wanda ba a buɗe littafin Risala a cikinsa. Amma kaɗan ne daga almajirai suka san tarihin mai littafin, wato Abu Muhammad Abdullahi ɗan Abu Zaid, Allah Ya yi masa rahama.

An haife shi a shekara ta 310 bayan Hijira, daidai da 922 Miladiyya, ya tashi a birnin Ƙairawan da ke ƙasar Tunisiya ta yau. Ya yi karatu wurin manyan malaman garin, musamman Abubakar ɗan Labbad. An ce yana ɗan shekara 17 ya wallafa Risala domin koyar da yara. Daga baya ya tattara maganganun malaman mazhaba cikin babban littafinsa Annawadiru Wazziyadat, har mutane suka riƙa kiransa Maliku Ƙarami. Mutum ne mai wadata, mai ɗaukar nauyin ɗalibansa.

Zamaninsa kuwa ba na kwanciyar hankali ba ne. Daular Faɗimiyya ta kama mulkin ƙasar tun 909 Miladiyya, malaman Malikiyya suka sha tsanani a hannunta. An ɗaure malaminsa ɗan Labbad, an hana shi fatawa, wasu malamansa kuma suka rasu a fagen yaƙi.

A wani babi na kusa da ƙarshen Risala, Shaihu ya bayyana cewa ba a ajiye kare a gida, a birni ko a ƙauye, sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi wurin kiwo, ko farautar neman abinci, ban da ta wasa. Tushen wannan shi ne hadisin da ya nuna ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye kare ba don ɗayan waɗannan ba. To, sai ga shi masu sharhin littafin sun ruwaito cewa wata rana katangar gidan Shaihu ta faɗi, ya ji tsoron magoya bayan masu mulki su auka masa, sai ya samo kare ya ajiye. Da aka tuna masa Imamu Maliku ya ƙi haka, sai ya nuna cewa da Maliku ya riski irin zamaninsu, da zaki mai kai hari zai ajiye. Bai warware abin da ya rubuta ba. Ya duba dalilin izinin ne, wato bukatar tsaro, ya ga ran mutum da iyalinsa sun fi gona cancantar a tsare su.

Wannan ma'auni yana da amfani ga magidancin da ke shawara tsakanin karen gida da aka saba da shi da ƙaton karen Turai irin na 'yan sanda. Manomin albasa a Aliero, ko makiyayin da ke fargabar ɓarayin shanu, aikin da karen zai yi ya kamata ya fara dubawa, sannan ko zai iya ciyar da shi, ya kuma tsare maƙwabta daga cizonsa. Wanda ya saye shi don a ce yana da shi, bai shiga cikin izinin ba, komai tsadarsa. Batun sayen ma akwai magana: Risala ta kawo hani ga cinikin karnuka, ta ce an yi saɓani kan wanda aka yi izinin ajiyewa, amma wanda ya kashe irinsa sai ya biya ƙimarsa. Sahnun, shi ma mutumin Ƙairawan, yana cikin waɗanda suka halatta cinikin.

Shaihu ya rasu a Ƙairawan a shekara ta 386 bayan Hijira, daidai da 996 Miladiyya, yana da shekara 76, a can aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa, Ya amfane mu da iliminsa, amin.